Allo Ja a Bakin Tasha

Malamin lissafi ya zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa, don idan magana ta yi zafi ya tuna cewa yana da aji.

Shekara huɗu ke nan yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ban da matarsa ba wanda ya sani sai Sista, nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa. Duk wata uku takan sa masa maganin a ambulan, ya biyo ta tagar bayan ofishinta kamar mai tambayar hanya, ya karɓa ya wuce. Ita ce ta roƙe shi ya shiga kwamitin asibitin da ke zama yau. Ta ce ƙa'ida ce a samu aƙalla mutum ɗaya mai shan maganin a wurin tsara yadda za a riƙa ba da shi, kuma daga bakinta ba wanda zai ji komai. Ya amsa, sannan ya yi kwana biyu yana jin haushin kansa.

Sauran wakilan jama'a uku ne: wata tela mai shago a bakin titi, direban motar haya, da wani dattijo mai kantin kayan gini. Aka gaisa sama-sama, kowa ya nemi abin kallo a bango.

Jami'in da ya zo daga hedikwata ya warware zane a kan tebur. Sabon ɗaki ne na musamman, ƙofarsa daban, tana kallon tashar mota don sauƙin zuwa. A samanta za a kafa allo ja mai sunan cutar da manyan baƙaƙe, don kada wani ya ɓata. Daga watan gobe kowa zai zo da ƙafarsa ya karɓa a nan, an hana miƙa magani ta bayan fage.

Malam ya yi lissafin da bai taɓa ba ɗalibai ba. Rabin iyayen 'yan ajinsa a wannan tasha suke hawa mota. Dole ya kashe wannan zane, kuma da fuskar wanda abin bai shafa ba.

"Muna son jin ra'ayin jama'a," in ji jami'in, yana duba agogo.

Malam ya gyara murya. "Yallaɓai, akwai wani abokin aikina da ke cewa ƙofa daban..."

"Gaskiyarsa," tela ta katse shi. "Wata da nake wa ɗinki ta ce ko robar maganin ma tonon asiri ce. Robar tana yin ƙara a jaka, sai ta cusa auduga take samun zaman lafiya. Balle allo."

Direba ya ce wani fasinjansa na kuka da layin safe, don safiya ce lokacin nema, gara a bari har yamma. Dattijo ya ce ɗan ƙaninsa bai gane dalilin da ya sa katinsu rawaya ne ba, na masu hawan jini fari, kuma wai bencin jira yana da ƙusa a gefen hagu. Sista tana ta rubutu, ba ta ɗaga kai ba.

Abin ya burge Malam. Shekara ashirin yana unguwar, bai san ana kula da fasinja haka ba.

Jami'in ya rufe biro. "Wannan duk an ce, an ce ne. Mu nazari muka yi. Ai an gaya mini akwai wakilin masu cutar a nan. Ya yi magana mana, mu ji daga tushe."

Malam ya auna taku nawa ne zuwa ƙofa, ya samu uku, ya kuma gane cewa duk wanda ya tashi yanzu ya gama ba da amsa.

"Yallaɓai," Sista ta ce, har yanzu tana rubutu, "takardar ƙa'idar cewa ta yi a samu. Ba ta ce a nuna ba."

Aka kaɗa ƙuri'a. Hannun tela ne ya fara tashi, sai na direba, sai na dattijo. Malam ya ɗaga nasa daga ƙarshe, rabi-rabi, kamar wanda ya bi jama'a don kunya. Aka tsayar cewa magani a tagar kowa da kowa za a riƙa karɓa, da farin kati, har ƙarfe biyar na yamma. Sabon ɗakin kuwa dattijo ya ce zai yi kyau da ajiyar katifu.

Malam ya fita da sauƙin ƙafa, yana mamakin yadda ya juya kwamiti guda da rabin jimla.

Jami'in ya tsaya nannaɗe zanensa, ransa a ɗan ɓace.

"Sista, gaba ki kawo mana masu abin da kansu. Ba masu labarin fasinja da ɗan ƙani ba."

"To, Yallaɓai," ta ce, ta riƙe masa ƙofa.

Ba ta ga dalilin gaya masa ba cewa a cikin mutum shidan da suka zauna a ɗakin, shi kaɗai ne ba ya shan maganin.