Wa Ke Shaƙar Dalma?

Mai awo ya sake gwada matatar, ya kuma sakewa, sannan ya juyo wa Dokta da fuskar kwamfutar. Mutumin da ko gaisuwa sai ya haɗa ta da barkwanci, yau ko murmushi babu a fuskarsa.

Dalma ce. Ba 'yar kaɗan ɗin da ake tsinta a iskar bakin titi ba. Irin wadda in jariri ya daɗe yana shaƙa take cin ƙwaƙwalwarsa a ɓoye ce, babu zazzaɓi babu tari, sai ranar da ya fara sanƙarewa a hannun uwarsa.

Binciken nata a baki mai sauƙi ne. An raba ƙananan na'urori a gidajen masu goyo, a rataye su a ɗakin kwana, su yi ta zuƙar iska kamar huhu, ƙurar tana maƙalewa a wata 'yar matata mai faɗin murfin kwalba. Ƙa'idar aikin kuwa, mai duba matata ba ya sanin ta wane gida ce, don kada zato ya riga awo. Abokin aikinta ne ya ciro su ya sa musu lamba, shi kuma tun safe yana cikin jirgi, wayarsa a kashe.

Ga matatun nan jere a faranti, wasu baƙaƙe, wasu ruwan toka, guda ɗaya tak fara tas. Farar ba ta dame ta ba, da ma ta san za a same ta, tun farko ta ture ta gefe.

"Yanzu haka akwai jariri a wani ɗaki yana shaƙar wannan," ta ce, tana laluben makullin mota. "Ba zan zauna jiran jirgi ya sauka ba."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A duk gidajen, ɗaya ne ke cikin lungun bayan garejin kanikawa, inda ake fasa tsofaffin batiran mota ana narka cikinsu. Matar mai narka batir, da tagwayenta masu rarrafe. Tun ranar da Dokta ta ga yaran suna tsotsar yatsu a wannan tsakar gida zuciyarta ba ta kwanta ba.

Tana cikin cunkoso wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, wadda take bar wa renon 'yarta.

"Yarinyar nan yau ma ta ƙi abinci, sai rigima da barci. Ga cikin ya ɗaure."

"Haƙori ne, Mama, ki lallaɓa ta."

"To, Allah ya sawwaƙe. Ki kuma ce wa mijin nan naki ya bar bango ya huta, kunnena ya gaji."

Ta wayar ma tana jiyo ƙarar. Tunda suka samu tsohon gidan nan a unguwa mai itatuwa da shiru, maigidan ya zama magini da ƙarfi da yaji. Ya rantse sai ya kankare tsohon fenti da hannunsa, ɗaki bayan ɗaki, ya shafa wa gimbiyarsa sabo. Da wata rana ce, da Dokta ta yi dariya. Yau kashe wayar ta yi, ta danna ham.

A bakin lungu ta bar motar, ta ƙarasa da gudu-gudu. Hayaƙin wurin har ɗanɗano gare shi a harshe. Ta tarar da matar tana wanki, tagwayen na kokawa a kan tabarma, ɓul-ɓul da su.

"Ki ɗauko su, asibiti za mu, a ɗebi jininsu," Dokta ta ce, ko sallamar kirki ba ta yi ba. "Na'urar da muka rataya a ɗakinki ta nuna guba."

Matar ta saki rigar da ke hannunta cikin kumfa. Ta dubi yaran, ta dubi Dokta, idonta ya kawo ruwa. Can kuma sai ta sunkuyar da kai, tana murza yatsu.

"Dokta, don girman Allah kar ki yi fushi. Abin nan fa ko kwana ɗaya bai yi a rataye ba. Na ga kaya ne mai tsada, ga waɗannan 'yan ɓarna, in suka fasa me zan ce miki? Kuna fita na naɗe shi a leda na sa a ƙasan akwati. Ranar da kuka dawo na ciro muku abinku, ko ƙura bai taɓa ba."

Dokta ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai maganar matar ta dawo mata. Ko ƙura bai taɓa ba. Ashe farar matatar ta wannan gidan ce. Kuma fara guda ɗaya ce a farantin.

Ta dafa bango. Tsoro irin wanda ba ta taɓa sani ba ya taso mata. A irin wannan bincike dole a ware na'ura ɗaya a kai ta wuri mai tsabtar iska, don a gwada sauran da ita, kuma Dokta ba ta yarda ta ba kowa wannan aikin ba. A gidanta, inda ake ta kankare tsohon fenti irin mai dalma, da hannunta ta rataye ta a saman gadon 'yarta.