Ganga da Jirgi Mai Guntun Fiffike

Auta, tun da ka bugo waya kana mitar wata huɗu ana zaunar da ku a akwatin koyon tuƙi mai allo, ba a ba ku jirgin sama na gaske ba, har kana neman a tsallakar da kai, nake ta neman abin da zan faɗa maka. Ni bokona bai yi nisa ba. Amma ga wani misali da marigayi babanku ya ba ni, shi da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyaran jiragen soja.

Ya ce a farkon zamanin jirgi, can ƙasar Turawa, sojan da zai koyi tuƙi a rabin ganga ake fara zaunar da shi. Ƙarti biyu na jijjiga ta dama da hagu, shi kuwa yana murɗa sitiyari har ya daidaita ta. Sunanta ke nan, ganga. Daga nan sai wani jirgi da aka datse wa fiffike, ya yi ta gudu a fili ba ya tashi. Sunan wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara suka sa masa, fengwin. Da mu ne, da jimina za mu ce. To, wasu sojoji biyu suka zo koyo rana ɗaya. Na farko ya zauna a ganga har mazaunansa suka yi kanta, jiri na ɗibarsa, yana amai, ana yi masa dariya. Na biyu gwanin doki ne, ya ce shi ba man ja ba ne da za a zuba a ganga. Da yake bakinsa na da zaƙi, kuma yaƙi ya matso, hafsansu ya ba shi jirgi. Ya tashi lafiya lau. Da iska ta karkata shi hagu, hannunsa bai san komai ba sai linzami, ya fizga da ƙarfi. Jirgin ya kife a gonar dankali. Bai mutu ba, amma shekara biyu yana kwance da karyayyen baya, uwarsa ce ke juya shi. Ta taga yake hango mai aman nan yana wucewa a sama.

Ni dai na gaji, Auta, gwiwoyina ba za su iya jinyar ƙato ba. Ka zauna a akwatinka. Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.