Zo Ka Ɗauka

"Mama, iskar da ko wari ba ta da shi?" Jami'in gwamnati ya yi dariya daga bakin ƙofa, takarda a hannu. "Zancen iskar radon ɗin nan surutu ne kawai. Sa hannu gidanki lafiya yake, a bar maganar sauya muku matsuguni."

Da yashin tudun haƙar zinariya, mai fitar da wannan iska mai guba, mijinta ya gina ɗakin, kamar kowa a garinsu na Kagiso. Bai taɓa shan taba ba, amma ciwon huhu ya kashe shi. Yanzu 'yarta ke tari.

Ta karɓi takardar, ta shige ƙuryar ɗaki, ta ɗora kan gado.

"Zan sa, ɗana. Shigo ka ɗauka."

Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Har la'asar yana waje, hankici a hanci.