Silifas ɗin Inna a Kan Gada

Ina da shekara goma sha ɗaya, muna zaune a unguwar Abu Hail a ƙasar waje, na dawo daga makaranta na tarar da Umma a ƙasan falo, ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba. Waya na hannunta, tana ta kira ba ta shiga.

Rikici ne ya tashi a garinmu can gida, samarin unguwanni biyu sun yi cirko-cirko a bakin gadar da ta raba su. Kawu ya turo saƙo cewa kakata Inna ta tara mata, Musulmi da Kirista, sun ɗaura fararen kallabi sun tafi su tsaya a tsakiyar gadar. Innar da ko tsakar gida sai da sanda take ratsawa.

"Umma, ki hana ta mana," na ce.

"Wa ya isa? Tun ina goye take wannan aikin."

Ana kiran la'asar wayar ta shiga. Umma ta ƙara muryar wayar don ni ma in ji.

"Inna! Kuna lafiya?"

"Lafiya lau. Yaran sun watse. Wa zai yi jifa uwarsa na tsaye a gabansa? Silifas ɗina ne dai ya tsinke, Maman Talatu ta ba ni nata, ita ta koma gida ba takalmi."

Umma ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta jawo ni ta matse. Har yau in na tuna muryar Inna tana ƙorafin silifas, sai in ji na sauke ajiyar zuciya.