Mai Injin Niƙa da Cokalin Ƙaninsa

Zauna, Sallau. Tunda ka rantse sai ka sallami abokin aikinka don wai cima-zaune ne, bari in ba ka misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, da suka gaji injin niƙa a bakin wata kasuwar ƙauye. Wan ƙaƙƙarfa ne, shi ke ta da inji, shi ke ɗaga buhu, gumi har cikin ido. Ƙanen kuwa ba shi da ƙarfin kirki, sai baki. Shi ke gaida mata masu kawo niƙa, ya tambayi mai jiki, ya ba da haƙuri in layi ya yi tsawo, ya rarrashi wadda aka zubar mata da gari. Duk ranar juyen mai kuma yakan kawo wani ruwa mai ɗan kauri da yake sayowa a birni, ya zuba cokali guda a cikin baƙin man. Ya ce dangin gishiri ne, amma a narke yake zama, zafi ba ya ƙone shi. Yakan manne a jikin ƙarfe, ko man ya tsinke saboda zafi, ƙarfe ba zai ci ɗan'uwansa ba. Wan ya ce, "Cokali guda a galan? Kai dai ka iya neman abin fakewa." Rannan rai ya ɓaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wan ya ce wa ƙanen ya gaji da ciyar da ƙato. Ƙanen ya naɗe tabarmarsa ya bar garin.

Inji bai tsaya ba, har wan ya riƙa cika baki a wurin mai shayi. Ai ka san ƙarfe ba ya kuka da wuri. Da yake babu mai zuba cokalin nan, a hankali baƙin mai ya fara fitowa da ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, ƙara ta sauya, shi kuwa ya ce tsufa ne. Mata ma haka suka janye, babu faɗa babu zagi, yau wannan ba ta zo ba, gobe waccan ta wuce da kwaryarta zuwa wani injin mai nisa, don nan ba mai ce musu sannu. Ran wata kasuwa injin ya buga. Bakanike ya buɗe, ya shafa ciki da yatsa, ya ce wannan ya cinye kansa, ba gyara. Wallahi abin tausayi, Sallau. Mutumin da ya saba sai ya yi ihu kafin a ji shi, ga shi zaune a rumfa shi kaɗai, shiru har yana jin kukan ƙudaje. Kewar ƙanen ta kama shi, ya so ya aika a ba shi haƙuri, sai ya tarar bai ma san garin da zai aika ba, don ranar da ya tafi bai tambaya ba.

To, ka dai ji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.