Lambar da Ta Tsallaka Kogi da Rigarta

Ranar da aka kafa majigi a ajin ƙarshe, a ranar aka raba Baba Alli da ajinsa. Haka ɗalibai ke kiran tsohon malamin lissafin, don kullum hannun rigarsa fari fat da ƙurar alli. Shugaban makaranta ya tara malamai ya ce zamani ya juya, ya miƙa ajin ga wani sabon malami da yara suka laƙaba wa Malam Danna, don bakinsa ba ya rabuwa da "danna nan, danna can". Shi kuwa Baba Alli aka tura shi kula da ɗakin karatu, wai ya huta.

Huta? Mutumin da ya yaye likitoci da injiniyoyi! Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya kuma rantse sai ajin nan ya dawo hannunsa.

Amma sabo turken wawa. Kowace yamma sai ya jingina ƙaramin allonsa a tsakar gida, ya shirya darasin gobe kamar yana da waɗanda zai koya wa, yana yi yana mita. Matarsa, wadda ta yi ritaya daga aikin buga takardu, takan zauna gefe da wayar da babban ɗansu ya saya mata. In ya gama ya shiga ciki, ita ke goge allon.

Ana nan sai wani shafi ya ɓullo a intanet, ba suna ba hoto, sai rubutun inji da muryar inji suna warware lissafi. Malam Danna ya shiga haska shi a aji, yara kuwa suka kamu da sonsa. Wata rana Baba Alli yana wucewa ta bakin taga ya ji muryar nan tana cewa: "Duk lambar da ta tsallaka kogi, sai ta sauya riga."

Ya tsaya cak. Maganarsa ce! Shi ya ƙago ta tun yana saurayi, don yara su tuna cewa lambar da ta ƙetare alamar daidai, in ta tarawa ce sai ta koma ta ɗebewa. Wato bai ishi yaron nan Malam Danna ya ƙwace masa aji ba, sai ya bi tsofaffin ɗalibansa ya kwashe masa basira, ya buɗe shafi yana cin suna da ita a ɓoye. Lallai ɓarawo ba ya kunya.

Bai yi wa kowa maganar ba. Da ya ji masu duba makarantu za su zo, sai ya haɗa tarkonsa. Ya shirya darasi mai kyan gaske, amma a tsakiya ya bar lamba ɗaya ta tsallaka kogi da rigarta, ya kuma gyara sauran yadda amsar za ta fito sumul kamar gaskiya. Ya gwada shi a allon gida har ya gamsu, washegari ya kwafe shi a allon ofishin malamai, daidai inda Malam Danna ke zama, ya fita yana murmushin mugunta.

Ranar da baƙin suka zo, aji ya cika maƙil. Baba Alli ya samu kujera can baya ya harɗe hannuwa. Malam Danna ya kunna majigi yana ta fara'a, ya buɗe sabon darasin shafin. Ga shi nan kuwa, layi bayan layi, har da gubar a inda Baba Alli ya binne ta.

Sai da muryar ta faɗi amsa, shugaban makaranta ya fara tafi, sannan Baba Alli ya miƙe. Ya zaro alli daga aljihu, ya je ya zagaye lambar a jikin bango, ya warware lissafin daidai. 

"Ranka ya daɗe," ya ce wa jagoran baƙin, "mai wannan shafin jahili ne, kuma maha'inci. Irinsa bai kamata ya sake tsayawa gaban 'ya'yan mutane ba."

Malam Danna ya jiƙe sharkaf da zufa. "Wallahi ba nawa ba ne, Baba. Tsintarsa na yi a intanet."

Ko kallonsa Baba Alli bai yi ba. Jagoran baƙin ya ba da umarni nan take a mayar wa tsohon ajinsa. Ya ƙara da cewa za su sa ido a kan shafin, kuma duk ranar da suka gano mai shi, in malami ne, to shi da aji har abada.

Baba Alli ya koma gida zuciyarsa fes, rabon da ya ji daɗi haka har ya manta. Tun daga ƙofa matarsa ta tare shi, waya a hannu, bakinta har kunne.

"Malam, albishirinka! Na ji an ce yau a gaban manya aka haska shafin nan. To bari ka ji: tun ranar da suka wulaƙanta ka na rantse sai na rama maka. Kullum kafin in goge allonka sai na ɗauki hotonsa, in buga, in ɗora, don yaran su ci gaba da karatu a hannunka ko an ƙi ko an so. Yanzun nan na sa sunanka da hotonka a saman shafin, kowa ya san mai shi."