Wanda Bai Taɓa Ja da Baya Ba

Ko da Jibirilla ya ɗaure kwalkwalinsa ya shigo zauren, ya tarar abokin karawarsa ya riga ya tsaya a tsakiya cikin baƙin sulke, takobin gora a miƙe. Jibirilla ya rusuna kamar yadda ladabin wasan ya tanada. Mutumin ko gezau bai yi ba. Raini ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Kamfanin da Jibirilla ke tuƙa wa mota ya rufe, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zamansa a ƙasar Larabawan nan, za ta mutu ƙarshen wata. In bai sami sabon kafili, uban gidan da zai tsaya masa, ba, sai ya koma Gusau hannu rabbana. Mai wannan kulob na unguwar Al-Shifa ya yarda ya ɗauke shi mataimakin mai koyar da kendo, wasan takobin Japanawa, muddin tsoho Kuroda, wanda ya koya wa Jibirilla wasan, ya ce ya isa.

"Sara ɗaya a ka, kafin a kira La'asar," in ji Kuroda da gurgun Larabcinsa. "Wannan ya fi ka daɗewa a zauren nan, kuma ban taɓa ganin ya ja da baya ba."

Jibirilla ya kwarara ihun buɗe wasa har tagogi suka amsa. Mutumin bai tanka ba.

Da can garaje ne ciwon Jibirilla, yakan afka wa mutum kamar an biyo shi. Kuroda ya sha wahala kafin ya raba shi da halin, yana zaunar da shi a kan gwiwa, ido rufe, har ƙafafunsa su mutu. Ya koya masa kada ya kalli idon abokin gaba, ya dube shi gaba ɗaya kamar dutsen da ke nesa. Ya koya masa ya nemi numfashinsa, domin mai shaƙar iska ba ya iya kare kansa.

Jibirilla ya nemi numfashin mutumin nan, ya rasa.

Ya matsa a hankali har kan takubban suka haɗu, ya ɗan danna. Na mutumin kamar an kafe shi da ƙusa. Jibirilla ya yi tsalle baya. Mai hannu irin wannan, kana ɗaga takobi zai soke ka a maƙogwaro.

Ya goce dama kaɗan. Mutumin bai ma damu ya juyo ba, ya bar masa gefensa a buɗe. Tarko ne, wa zai faɗa? Jibirilla ya koma inda ya fito.

Gumi ya cika masa ido, ga ragar ƙarfen kwalkwalin ta hana shi sharewa. Ya tuna matarsa Marwa da kayan da ta fara ɗaurewa ba tare da ta gaya masa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gaban ɗan Adam ba. Sau da yawa ƙafarsa ta yunƙura, zuciyarsa ta ce ba yanzu ba.

Yana cikin jiran yanzun ladanin masallacin da ke bayan kulob ɗin ya ɗaga murya da kiran La'asar.

Jibirilla ya sauke takobi. Ya ji kamar ya fashe da kuka.

"Me ya hana ka?" in ji Kuroda.

"Ban ga ƙofa ba, Malam. Wallahi ya fi ƙarfina."

Tsohon ya kalle shi cikin tausayi. Sannan ya taka zuwa tsakiyar zauren, ya kwance igiyar kwalkwalin gwanin, ya ɗaga shi, sai ga guntun katako naɗe da tsohuwar tayar mota, wanda sababbin ɗalibai ke koyon sara a kansa.